Askar Kofur Dominic

Duk wanda ya taɓa yin gyambo a unguwarmu a Zuru ya san ƙofar gidan Kofur Dominic. Ni kuwa na san shi tun kafin ya zama kofur, tun yana saurayi mai dogon wuya yana noma gonar babanmu a Dabai. Mijin yayata Dinah ne. Sunana Gladys, ni ke bi mata. Na koyar da 'yan firamare shekara talatin, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami.

A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su noma wa uban yarinya gona har shekara bakwai. Dominic ya yi nasa bai tsallake ko damina ɗaya ba. Aikina a lokacin shi ne in tsaya a bakin gona in ce layin da ya ja ya karkace. Ƙarya nake yi, bai taɓa karkacewa ba. Sai ya ɗago kai ya ce in aka ba shi Dinah zai roƙa a ƙara masa da ni, don ya samu mai korar tsuntsu. Haka muka saba, ƙanwar mata da mijin yaya, har furfura ta fito mana.

Shekara biyu da aure ya shiga soja, kamar rabin samarin ƙasarmu. Aka sa shi sashen jinya. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa cewa shi likita ne ba. Aikinsa wankin ciwo. Ya je Laberiya lokacin yaƙi, ya dawo da rama da ƙarancin magana da kuma ilimi guda ɗaya wanda ya riƙe kamar addini: mataccen nama shi ke kashe mai rai. Ya ga samari sun rasa ƙafa saboda an ji tausayinsu an ƙi kankare musu ciwo. Yakan ce, "Ciwo awa gona ne. In ba ka cire haki ba, dawa ba ta tashi."

Da ya yi ritaya ya dawo Zuru, ba tare da ya kafa allo ba mutane suka gano shi. Kullum da safe tukunya na tafasa a gindin mangwaron ƙofar gida, a ciki akwai almakashi da hantsaki da 'yar siririyar askarsa. Manomin da fartanya ta sara, Bafulatanin da sa ya soka, tsohuwa mai ciwon suga da yatsa ya ruɓe, duk su jeru a kan benci. Ba shi da lallashi ko kaɗan. In mutum ya fara ihu sai ya ce, "Yi kukanka, kuka ba ya hana aiki," ya ci gaba da kankara har sai ya ga jan nama. Amma suna warkewa. Akwai wani makiyayi, Hammadu, da aka ce sai an yanke masa ƙafa. Kwana arba'in Dominic ya yi a kan ƙafar nan, yau Hammadu da ita yake bin shanu. Duk ƙaramar Sallah sai ya aiko da ƙwaryar nono gidan.

Yayata Dinah kuwa ba a jin ta. Gyaɗarta take nomawa, ta je zumuntar mata a coci, ta dawo ta wanke bandejin mijinta ta shanya. Ɗansu ɗaya, Philip, shi ma soja ne a can Barno. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Dominic murya ba, abin da ya sha ba ni haushi, don ni da ni ce da ya ji a jikinsa. Amma in yana aiki takan tsaya a bakin zaure tana kallon hannunsa, fuskarta cike da alfahari.

A daminar shekarar da ta wuce waccan ta fara gajiya. Ta hau 'yar gangaren coci sai ta tsaya ta huta. Tafin hannunta ya yi fari, zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Muka ce na sauro ne, aka sha magani. Sai wata rana a watan Agusta tana cirar ciyawa, wani kututture ya karce ta a ƙwauri. Karcewar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Bayan kwana uku wurin ya taso ya yi ƙurji, ya fashe, bakinsa ya yi wani irin baƙi-baƙi mai shuɗi. Zafin da take ji ya fi ƙarfin girman ciwon nesa ba kusa ba.

Dominic ya duba ya yi murmushi. Ya ce, "Wanga? Kwana huɗu ne." Ya dafa kayansa, ya kankare gefen da ya yi baƙi, ya wanke, ya ɗaure.

Da safe ya kwance, ciwon ya ƙara faɗi. Sabon gefen ma ya yi baƙi, ya rarake ta ƙarƙashi. Ya ce bai kai ga tushen ba ne, ya ƙara shiga ciki. Washegari haka. Cikin sati biyu ciwon ya kai faɗin tafin hannu, cikin wata ɗaya ya zagaye rabin ƙwaurin. Ya yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta a cinya, wurin da allurar ta shiga shi ma ya taso ya fashe. Ya ce lalle allurar ce ba ta da tsabta, duk da sabuwa ce ya ɓare a gabanmu. Ya riƙa barin kayansa a wuta har ruwan ya kusa ƙonewa. Ya daina wasa da ni. Ya mayar da Dinah ta farko kafin kowa, lokacin da hannunsa bai gaji ba.

Mutane kuwa ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce ta taka wani abu da aka binne wa wani, wasu suka ce jifa ne. Dominic ya kore su duka, ni ma na taya shi. Dole in faɗi gaskiya a nan: na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni ce nake zuwa kowace safiya in zauna a bayanta in rungume kafaɗunta don kada ta motsa. Ita kuma ta tura bakin zane a baki ta cije. Ina jin jikinta na rawa a ƙirjina, ina ce mata, "Daure, Yaya, saura kaɗan." Wata biyu cur muna haka.

Ranar da ta suma a hannuna, Philip ya buga waya ya ce in ba a kai uwarsa babban asibiti a Sakkwato ba, zai ajiye bindiga ya zo ya kai ta da kansa. Dominic bai yi musu ba. Ya kai mu, ya kwana uku yana tsaye a kanta, aka ɗebi jini, aka ɗebi ɓargo. Sai ya ce zai koma, don ya bar wani mutumin Kanya da raunin harsashi a cinya, kuma shi ba ya barin ciwo a rabi. Ya ce in sakamako ya fito mu kira shi.

A rana ta tara likitar fata ta zo. Dakta Rukayya sunanta, ba ta wuce sa'ar Philip ba. Ta daɗe tana kallon ƙafar, ta duba cinyar, ta duba bayan hannu inda aka sa ƙarin ruwa, wanda shi ma ya fara tasowa. Sannan ta tambaya, "Wa yake kankare wannan ciwon a gida?"

Na gyara zama na ce, "Mijinta ne. Tsohon soja ne, wankin ciwo aikinsa ne. Kullum da safe, bai taɓa fashi ba."

Ta ce, "Na ga hannun wanda ya iya. Ciwon tsaf yake." Ta ja kujera ta zauna. Ta ce labari biyu ne. Na farko, Dinah tana da sankarar jini, a cikin ɓargo take, kuma ta yi nisa. Likitocin jini sun duba, sun ga a shekarunta da yadda jikinta ya yi rauni, magani mai ƙarfi zai iya kayar da ita kafin cutar. Za a riƙa yi mata ƙarin jini, a ba ta abin da zai rage wahala.

Na biyu shi ne ƙafar. Ta ce wannan ba gyambon da muka sani ba ne, ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. Ciwon jinin ne ya rikita garkuwar jiki, har ta juya tana cin fatar mai ita. Yakan zo wa masu sankarar jini, ko masu wasu cututtukan gaɓoɓi da na hanji, kuma ba kasafai ake ganinsa ba, ita kanta uku ta taɓa gani. Halinsa kuwa shi ne ba ya son a taɓa shi da ƙarfe. Duk inda aka yanka, can yake bi. Ko allura ce ta huda fata, sai ya buɗe sabon baki a wurin.

Na ce, "Kina nufin kankarar da ake yi..."

Ta ce, "Ita take ƙara masa faɗi, Mama. Amma ku ji ni da kyau, ba laifinsa ba ne. Likitoci da yawa sun yi wannan kuskuren, don a ido kamarsu ɗaya da gyambon da ake kankarewa. Daga yau ruwan gishiri kawai, a hankali, a rufe da abu mai laushi, ta sha ƙwayoyin da zan rubuta." Ta rubuta takarda da Turanci ta ce a kai wa mai wankin.

Tana fita Dinah ta miƙo hannu ta karɓe takardar, ta ninke ta, ta sa cikin Littafi Mai Tsarki da ke ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Gladys, wagga magana ta mutu nan."

Na ce, "Yaya, kin ji abin da anka ce kuwa?"

"Na ji. Ta jini za mu hwaɗa mishi. Ta ƙahwa a'a."

"To in ya ɗauko aska fa?"

Ta ce, "Mutumin ga abu ɗaya ya sani duk duniya, kuma da shi ya tsaya gaban mutane shekara arba'in. In kinka ce mishi hannunshi ne ya yi mani wanga, mi ya rage mishi bayan na tahi?"

Na ce, "Ƙafarki fa?"

Ta ce, "Ƙahwar da za a binne?"

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce mata wannan ba so ba ne, wauta ce. Sai da ta sa na yi mata alkawari kafin ta yarda ta ci abinci.

Muka dawo Zuru bayan an yi mata ƙarin jini. Ita da kanta ta gaya masa maganar sankarar. A tsaye ya saurara, hannu a baya, kamar ana karanta masa oda. Da ta gama ya ce, "To. Jini ba ni da iko da shi, sai Ubangiji. Amma gyambon ga nawa ne, sai na ga bayanshi." Na ji kamar in nutse cikin ƙasa.

Da gari ya waye tukunya na kan wuta. Na lallaɓa na ce masa likita ta ce ruwan gishiri ya isa, kada a wahalar da ita. Ya kwance bandejin, ya ga wani rawaya-rawaya ya taru a tsakiya, ya girgiza kai. Ya ce, "Dubi yadda sunka bar shi. Yaran yanzu tausayi ya yi musu yawa, ba su ga abin da munka gani ba." Na kalli Dinah, ta kalle ni. Sai ta miƙe ƙafar ta ce, "Yi aikinka, Baban Philip." Ta juyo gare ni ta ce, "Zo ki riƙe ni."

Na je na riƙe ta. Na san abin da askar take yi, na kuma riƙe ta. Ta cije zane kamar kullum, hawaye na bin kunnenta yana sauka a hannuna. Shi kuwa ya duƙufa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana aikin da iyakar ƙwarewarsa.

Washegari ya kwance. A kwanakin da muka yi a Sakkwato bakin ciwon ya fara lafawa, amma yanzu ya sake baƙi, ya ƙaru da faɗin yatsa guda. Dominic ya yi tsaki ya miƙa hannu ga farantin kayan aikinsa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge farantin na yi jifa da shi tsakar gida, almakashi da hantsaki suka watse cikin ƙasa.

Na ce, "Ya isa! Kai ne! Askarka ce ke cinye mata ƙafa tun ranar farko! Garin neman gira ka rasa mata ido, kana nan kana zagin likitoci!"

Da ƙarfi na faɗa. Mutum huɗu na zaune a benci a waje, duk sun ji. Na zaro takardar daga cikin Littafin na cusa masa a hannu. Magana zarar bunu ce, tun kafin in rufe baki na san ba ta komawa.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarau, ya dawo ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya sake farawa. Ya dubi cinyarta inda ya yi allura, ya dubi ƙwaurin. Bai ko kalle ni ba. Ita ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Jiya kin sani?"

Ta ce, "Na sani."

"Kuma kinka miƙo mani ƙahwa?"

"Na miƙo."

Ya durƙusa ya tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ƙasar da ke jikinsu, ya naɗe su a tsumma. Ya fita ya ce wa mutanen benci su yi haƙuri su tafi asibitin gari. Dinah ta juyo ta dube ni ta ce, "Kin huce?" Ba ta ƙara ce mini komai ba har kwana uku.

Daga ranar shi ya ci gaba da wankin, amma da ruwan gishiri da auduga kawai. Mutumin da ba ya jin ihun ƙato ya koma yana taɓa ƙafar nan da kan yatsa, in ta ɗan motsa sai ya janye hannu. Shi yake ba ta ƙwayoyin a kan lokaci. Kuma ciwon ya fara warkewa. Baƙin ya washe, sabuwar fata siririya ta fara shigowa daga gefe. Matan zumunta suka zo suka yi waƙar godiya. Kowa na murna ban da shi, don duk abin da ciwon ya rufe, shi yana ganin shaida ce a kansa. Na sha ganinsa ya gama ɗauri ya zauna yana kallon tafin hannunsa.

Ƙafa na gyaruwa, mai ƙafar na ƙarewa. Sau biyu aka ƙara mata jini, na biyun bai riƙe ta ko sati biyu ba. Philip ya samu hutu ya zo aka yi Kirsimeti tare. A kwanakin ta yafe mini, ko in ce ta gaji da fushin. Ta ce in riƙa leƙa Dominic, don bai iya dafa komai ba sai ruwa. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, sati biyu bayan sabuwar shekara, mijinta na riƙe da kofin kunun da ta kasa sha.

Dominic yana nan da ransa. Yana noma 'yar gonarsa, yana kiwon awaki, ba ya fashin coci. Bencin yana gindin mangwaro amma babu mai zama. In an kawo masa ciwo yakan duba daga nesa ya ce a tafi asibiti. Ina kai masa tuwo sau biyu a sati, ya karɓa ya yi godiya. Mutane suna cewa bakina ne ya kashe wa unguwa mai magani, ni ma na daɗe ina ganin laifina ke nan. Shi kuwa ba haka yake gani ba, kuma ya gaya mini tun ranar rasuwar.

Da mata suka taru za su yi mata wanka, ya ce a ba shi minti biyar, ya ce ni in tsaya. Ya kwance bandejin a hankali kamar tana ji. Abin da ya rage na ciwon bai fi babban yatsa ya rufe shi ba. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sati biyu, da ya ruhe." Ya wanke, ya ɗauko sabon bandeji ya naɗa, layi a kan layi.

Na kasa daurewa. Na durƙusa na ce, "Kofur, ka yafe mani abin da na hwaɗa maka ranar nan. Da na yi shiru."

Ya soke bakin bandejin, sannan ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun ranar farantin.

Ya ce, "Wanda kinka hwaɗa ba ya buƙatar yafiya, Gladys, gaskiya ce. Wata biyun nan ma ban sani ba, Allah ya sani ban sani ba, ina iya kwana da su. Amma safiyar nan guda da kunka dawo, ke kin sani. Kin sani, kuma kinka danne mani ita."

Ya ja zane ya rufe mata ƙafar, ya fita ya ce wa matan su shigo.